Maryama Mai Tuwon Kudai da Tafiyar Ƙanƙara

Duk alhajin da ya taɓa sauka a masaukan da ke gefen unguwar Kudai a Makka, ya gaji da shinkafar Larabawa har ya fara mafarkin miyar kuka, da wuya a ce bai ci tuwon Maryama ba, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Madafarta tana bayan tashar motocin da ke kai mutane Harami, a ƙasan wani tsohon bene. Daga can kuloli ke fita safe da yamma, tuwon shinkafa, miyar kuka, miyar taushe, ranar Juma'a kuma waina. A Makka aka haife ta, a unguwar Zahir, inda aka haifi uwarta ma. Kakanninta ne suka taso daga ƙasar Kano suka zo aikin Hajji, ba su koma ba. Ita ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma in ta buɗe baki tana yi wa mai kawo mata daddawa faɗa, sai ka rantse jiya ta sauko daga jirgin Kano. Sai in ranta ya ɓaci sosai ne Larabci ke ƙwace maganar.

Uwarta ce ta fara sana'ar, da tanda ɗaya a ƙofar gida. Maryama ta gaje ta, ta yi takardu, ta ɗauki mata masu taya ta aiki, ta jawo ƙanwarta Dalal ta riƙe mata waya da direbobi. Mace ce mai jiki, mai saurin hannu da saurin baki. Ba ta iya ganin ana yanka albasa ba daidai ba ta yi shiru.

Mijinta Mukhtaru gyaran lif yake yi a manyan otal-otal na kusa da Harami. Dogo ne siriri, maganarsa ba ta da yawa. Aikinsa na karɓa-karɓa ne, wani mako ya fita da asuba, wani mako sai bayan La'asar. 'Ya ɗaya Allah Ya ba su, Nuha, ita ma sai da aka jima ana jira.

A gindin tukunya Nuha ta tashi. Daga makaranta madafa ake kai ta, ta zauna a kan buhun shinkafa tana aikin gida, tana ba uwarta labarin duk abin da ya faru tun daga ƙararrawar safe. Sa'anninta 'ya'yan Hausawan Zahir, in an yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Nuha kuwa da Hausa take amsa wa uwarta, har da zaurancen da mata ke yi a madafa. Maryama ba ta da abin alfahari kamar wannan. Ta san wace ƙawa ce aka yi faɗa da ita, wace malama ce ke da son kai, wane takalmi ake so amma ake jin nauyin faɗa. Tsakanin yarinyar da ubanta kuwa gaisuwa ce kawai, ta sumbaci kansa, ya ce Allah Ya yi albarka, kowa ya kama gabansa.

Da Nuha ta shiga shekara sha huɗu sai ta fara rufe ƙofar ɗaki. Ta daina zuwa madafa, wai warin daddawa yana kama mata abaya. Har yanzu uwarta take nema in tana da damuwa, amma labarin ya ragu, ya koma guntu-guntu. Wata safiya Maryama ta tare mijinta yana shan shayi.

"Abu Nuha, yarinyar nan fa ba ta san ka ba. Kai ma ba ka san ta ba. Aji nawa take?"

Ya ajiye kofi. "Aji biyu a ƙaramar sakandare."

"Uku. Ka gani? Ni kaɗai ba zan iya ba. Ka fita da ita, ka kai ta wani wuri, ku yi magana kamar 'ya da uba. Gobe wani zai zo ya ɗauke ta, ka tsaya kana kallo kamar baƙo."

Ya shanye shayinsa ya fita. Ta ɗauka maganar ta bi iska kamar sauran.

Ashe ta zauna masa. Bayan 'yan makonni ya dawo daga aiki da wani haske a fuska, ya ce wani abokin aikinsa ya je ƙasar Jojiya da iyalinsa, ya ce daga Jidda jirgi ɗaya ne, kuma akwai wani dutse da dusar ƙanƙara ke rufewa, mutane suna ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa suna zamiya daga sama har ƙasa. Ya ce hutun tsakiyar shekara za su tafi, su uku.

Maryama ta yi dariya har da riƙe ciki. Hutun tsakiyar shekara lokacin sanyi ne, lokacin da masu Umara ke cika Makka, lokacin da ba ta samun zama ko na cin abinci. "Wa zai tuƙa tuwon? Ku je ku biyu. Ai abin da na ce ke nan."

Ita ta haɗa musu kaya. Ta shiga kasuwa ta nemo safa masu kauri da rigunan sanyi, ta cusa musu yaji da dambun nama a jaka. A ranta ta tabbata kafin mako ya cika za su dawo kowa fuska a ɗaure, mutumin da ba ya magana da yarinyar da ba ta ɗaga kai daga waya. Har ta tanadi yadda za ta lallashi kowannensu.

Suka dawo fuskokinsu sun yi duhu, sai zagayen ido da gilashi ya rufe. Tun daga matakala ta jiyo su. Dariyar Nuha ta sani. Ɗaya dariyar ce ta tsayar da ita a bakin ƙofa da ludayi a hannu, don ta manta rabon da ta ji Mukhtaru ya yi dariya da ƙarfi haka.

Da farko ta ji daɗi, kuma da gaske ta ji. Ta zauna aka nuna mata hotuna, fari fat ko'ina, mutane kamar ƙudaje a jikin dutse. Ta ga mijinta cikin hular kwano yana tafiya kamar agwagwa. Ta yi dariya tare da su. Sai dai labarin bai ƙare a ranar ba, bai ƙare a watan ba, kuma a hankali ya daina zama labarin da ake ba ta, ya koma wanda suke yi tsakaninsu. Ɗaya ya ɗauko rabin magana, ɗayan ya fashe da dariya kafin a ƙarasa. In ta ce me ya faru, sai Nuha ta ce, "Sai kina wurin, Ummi, ba zai faɗu ba."

Wata rana suna cin abinci Mukhtaru ya miƙe da sauri zai ɗauko waya, santsin tayil ya kusa kwashe shi. Nuha ta ɗaga murya ta ce, "Baba, bitza! Bitza!" Su biyun suka kwanta da dariya. Maryama ta ji an ambaci bitza sau biyu, ta ɗauka kwaɗayinta suke yi. Washegari ta baro madafa da wuri, ta kwaɓa fulawa da hannunta, ta gasa musu ita da nama da cuku, ta ajiye a tsakiyar ledar cin abinci. Suka kalli tiren, suka kalli juna. Nuha ta toshe baki. Mukhtaru ne ya daure ya yi mata bayani, cewa in mai zamiya yana son tsayawa, sai ya haɗa kan allunan nan biyu su yi tsini kamar yankan bitza, shi ne malamin yake ta yi musu ihun kalmar.

"To," in ji Maryama. "Ku ci dai, kar ta huce."

Suka ci, suka yaba. Ita ta ce ta ƙoshi.

Shekara ta zagayo suka sake tafiya, wadda ta biyo ma haka. Abin ya zama nasu. Tun ana zafi suke fara shiri. Mukhtaru, wanda ko matakalar gidansu yake ƙorafi a kanta, ya fara fita tafiyar ƙafa da yamma don ƙarfin gwiwa, Nuha tana biye da shi. Sukan dawo da ruwan rake a hannu, wani lokaci su tuna su sayo mata, wani lokaci su manta. Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, Maryama a bakin Mukhtaru ta ji shi. Ranar da Nuha ta ɓata da babbar ƙawarta, sai da aka shirya sannan ta sani, shi ma a bakinsa, yana faɗa kamar abin da kowa ya sani.

"Yaushe ta gaya maka?"

"A hanya. Ba wani abu ba ne, sun ma shirya."

A madafa hannunta ya ƙara nauyi a kan muciya, bakinta ya ƙara kaifi. Dalal ta zuba mata ido kwana da kwanaki, rannan ta ce, "Yaya, kishi kike yi."

"Da wa? Da mijina? A kan 'yar da na haifa? Ki ji tsoron Allah."

"To me ya sa duk ranar da suka turo hoto sai miya ta yi gishiri?"

Maryama ta kore ta ta je ta duba direba. Amma da ta koma gida ta tarar da jakar tafiyarsu an sauko da ita, an baje safar hannu da tabarau a kan gadon Nuha, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana lissafi. Ita ta yi goyon, ita ta yi jinyar ƙyanda, ita ta yi zaman asibiti ranar da aka cire wa yarinyar haƙori. Shi kuma ya zo da tikitin jirgi biyu ya kwashe komai. Haka take lissafin, ko da ta san ba haka ba ne.

A tafiya ta uku Nuha ta turo mata wani bidiyo, ita kaɗai, ba a zauren hirar waya da su ukun ke ciki ba. A ciki Nuha ta taho da gudu, ta yi tuntuɓe, ta wuntsila cikin ƙanƙara, allo ɗaya ya yi nasa wuri. Tana kwance tana dariya. Malamin da ke koya musu, wani Bature mai jan gemu, ya zo ya miƙa mata hannu ya ɗaga ta, ya kakkaɓe mata kafaɗa. Ana jin dariyar Mukhtaru, shi ke ɗauka. A ƙasa ta rubuta da Hausa, "Ummi kalli 'yarki, kar ki nuna wa kowa." Maryama ta kalla ta yi murmushi. Ta sake kallo, wannan karon dariyar uban kawai take ji.

Bidiyon ya zauna a wayarta har aka fara shirin tafiya ta huɗu.

Uwar Mukhtaru, Hajiya Ɗaso, wadda Nuha ke kira Sitti, tana zaune a unguwar Shisha a gidan ƙaramin ɗanta. Tsohuwa ce mai tsauri, wadda in ta ce a'a 'ya'yanta masu furfura ba sa ƙara tambaya. Ta san ana zuwa wata ƙasa mai sanyi, amma a tunaninta yawon buɗe ido ne, a ga dutse a sha shayi. Wata Talata Maryama ta kai mata kunun gyaɗa da kanta, abin da ta saba aikawa da direba. Suka gaisa, aka taɓa hirar ciwon ƙafa. Sai Maryama ta ciro waya.

"Inna, bari ki ga jikarki yadda take wasa. Abin dariya."

Tsohuwa ta sa tabarau. Ta kalla har ƙarshe ba ta yi dariya ba. Ta ce a mayar. Da aka zo inda Baturen ya kama hannun Nuha, ta sa yatsa a kan wayar.

"Wannan wane ne?"

"Malaminsu ne, Inna. Haka ake yi a can."

"Uban yana ina?"

"Shi ke ɗauka."

Maryama ta san sarai babu komai a cikin abin. Yarinyar da ɗankwalinta a ƙarƙashin hular, rigarta har gwiwa, hannun ma cikin safa mai kauri yake. Da wata ce ta kawo mata wannan magana a kan Nuha, da ta wanke ta tas. Amma ta zauna ta bar tsohuwa tana jinjina kai. Da za ta tafi ta ce, "Inna, kar dai a ce ni na nuna."

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci an taru cin abinci a Shisha, Hajiya Ɗaso ta kira ɗanta gaban kowa. Ta ce ba da yawunta ba a sake kai mata jika inda ƙattin Turawa ke kama mata hannu uban yana tsaye yana dariya. Mukhtaru ya fara bayani, ta ɗaga masa hannu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Nuha ta bari sai da suka shiga mota. Daga kujerar baya ta yi magana, da Larabci, muryarta a kwance.

"Sitti ba ta iya buɗe waya ba. Kuma mutum ɗaya na tura wa."

Mukhtaru ya kalli matarsa sau ɗaya, ya mayar da ido kan titi. Haka suka bi ta cikin ramin dutsen da titi ya ratsa suka fito, har Zahir.

Maryama ta yi zaton za a yi kuka da buga ƙofa, abin da ta san yadda ake lallashinsa. Ba a yi ba. Nuha ta ci gaba da gaishe ta, tana sumbatar kanta da safe, tana wanke kwanonta. Sai dai Hausar ta ɗauke ɗif. In uwar ta yi mata magana, da Larabci take amsawa, gajere, cikin ladabi, kamar ma'aikaciyar banki. Hutu ya zo ya wuce suna gida. Abin da ya fi ci wa Maryama rai shi ne hana tafiyar bai raba su ba. Yanzu ma sun fi haɗewa, don sun sami abin da aka yi musu tare. Ranar Asabar sukan hau garin Ɗa'if da ke kan duwatsu su biyu, su dawo da yamma da kwandon 'ya'yan itace, su ajiye mata a kicin.

Sai da aka kwana biyu sannan Mukhtaru ya yi maganar, yana ɗaura takalmin aiki, bai ɗago ba.

"Ke kika ce in nemi 'yata."

"Na ce ka neme ta. Ban ce ka ɗauke ta ba."

"Ina na kai ta, Maryama? Ba ga ta nan a ɗaki ba?"

Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita.

Ta daure har bayan aikin Hajji, da aiki ya lafa. Sannan ta sake ɗaukar kunu ta nufi Shisha. Ta yi ta kewaye-kewaye, cewa ta bincika, akwai malamai mata a can, kuma yarinyar ta kame kanta. Hajiya Ɗaso ta bar ta ta gama.

"Ke kika kawo min, yanzu ke za ki zo ki karɓe? Tun ranar na san ba tarbiyya ce ta kawo ki ba. Wadda ta damu da tarbiyya mijinta take samu a ɗaki, ba ta hau mota ta zo Shisha da kunu ba." Ta kurɓa, ta ajiye. "Amma abin da na gani na gani. In za a je, mace ta koya mata. Kuma ƙafarki ƙafarta."

"Inna, madafa fa? Lokacin Umara ne."

"Dalal ta mutu ne?"

Haka Maryama, tana da shekara arba'in da 'yan kai, ta bar tukwanenta a hannun ƙanwarta a tsakiyar kakar aiki, ta hau jirgi zuwa ƙasar da ba ta taɓa sha'awar gani ba. Sanyin ya wuce duk yadda aka kwatanta mata. Ya shiga haƙoranta, ya shiga ƙashin bayanta. Ta sa rigar sanyi a kan abaya ta zama kamar buhu. Takalmin zamiyar kuwa, da aka ɗaure mata shi, ji ta yi kamar an zuba mata siminti a ƙafa.

Ta gwada, ba za a ce ba ta gwada ba. A filin yara aka kai ta, inda 'yan ƙanana ke wuce ta fuu kamar tsuntsaye. Nuha ce ta tsaya gabanta tana ja da baya, ta riƙe mata hannu biyu. "Durƙusa kaɗan. Kar ki kalli ƙafarki, ni za ki kalla." Muryar mai haƙuri, irin wadda ake yi wa tsofaffi a asibiti. Maryama ta zame taku kaɗan, ƙafafunta suka rabu, ta zauna daɓas. Ta ce a cire mata, ta gode.

Sauran kwanakin a bayan gilashin wani gidan shayi ta yi su, a gindin dutsen, tana amsa wayar Dalal tana kallon sama. Ta koyi gane su daga nesa, jar riga da baƙa. Tare suke saukowa, yarinyar a gaba tana lanƙwasa hagu da dama, uban a baya yana bin sawunta. In sun iso ƙasa ba sa ko kallon gidan shayin, sai su juya su koma layi. Sau ɗaya ta ga Mukhtaru ya tsaya ya miƙa hannu zai gyara wa Nuha igiyar hula. Yarinyar ta ɗaga haɓa ba tare da ta dube shi ba, tana kallon wani wuri, kamar abin da aka yi sau dubu. Maryama ta ajiye kofin shayin.

Ana gobe za su koma, Nuha ta shigo gidan shayin ita kaɗai, ta ce ta zo ta hau da ita sama ta ga wurin, a cikin akwatin gilashin nan da ke tafiya a jikin waya, irin na dutsen Hada da ke hanyar Ɗa'if. Suka shiga su biyu, ƙofa ta rufe, ƙasa ta fara nisa. Maryama ta riƙe ƙarfe tana salati. Sun yi nisa kafin Nuha ta yi magana, kuma da Hausa ta yi.

"Ummi, me ya sa kika nuna wa Sitti?"

Maryama ta shirya amsoshi da yawa tun watanni, duk masu kyau. Babu wadda ta zo. "Don kin dawo kina dariya da shi."

"Ubana ne fa."

"Na sani. Ni na aure shi."

Nuha ta kusa yin murmushi, ta fasa. Ta juya tana kallon itatuwan da ƙanƙara ta danne. "Kin ɗauka hira muke yi a nan? Wallahi in mun hau abin nan, har mu kai sama ba ya cewa komai. Ni ma ba na cewa. In na ga dama na faɗi abu, sai ya ce to. Shi ke nan." Ta ja hanci. "Ke in na gaya miki abu, kafin in rufe baki kin kira uwar yarinyar, kin je makaranta, kin gaya wa Anti Dalal. Ba kya barin mutum ya yi shiru, Ummi."

Maganar ta shige ta fiye da sanyin. Bakinta ya cika da amsa: wa ya tsaya miki ranar da malama ta zalunce ki, wa ya san girman takalminki. Ta haɗiye. Ta ƙudura ba za ta ce komai ba har su kai sama, ta nuna wa yarinyar nan ita ma ta iya. Ta kusa cikawa. Saura kaɗan su isa ta ga wuyan Nuha a buɗe, ta ce, "Ja zif ɗin nan, za ki yi mura." Nuha ta fashe da dariya har da hawaye, ta ja zif ɗin.

Ba a koma kamar da ba. Hausar ta dawo, amma rabi da rabi, kuma akwai abubuwan da har yau a bakin Mukhtaru Maryama ke jin su. Ta rage kiran iyayen ƙawaye. In sun fita tafiyar yamma takan tsaya a taga ta bi su da kallo har su sha kwana, abin yana nan yana cin ta, sai dai yanzu ba ta kai shi ko'ina. Ba ta sake komawa dutsen ba, ta ce ta gani ya ishe ta.

A sanyin da ya wuce, ana saura kaɗan hutu, Mukhtaru ya zame a matakalar wani ɗakin injin lif, gwiwarsa ta goce. Likita ya ɗaure ƙafar ya ce babu zancen dutse bana. Nuha, wadda ta shiga jami'a a Jidda, ta yi jimami kwana biyu, sannan ta zo da magana: ƙawarta Afnan za ta je da iyayenta, uwar ma za ta je, sun ce ta biyo su. Hajiya Ɗaso ta san gidan su Afnan, ta yarda. Mukhtaru ya ce ai babu komai, ta je, Allah Ya kiyaye hanya. Shi ya kira mata motar filin jirgi.

Ya zauna a falo ƙafa a miƙe a kan matashi, waya a cinya. Maryama ta dawo daga Kudai da yamma ta same shi yadda ta bar shi. Ana cikin haka saƙo ya shigo, bidiyo ne. Ta zauna a hannun kujera suka kalla tare. Nuha ce a saman dutse, iska tana kaɗa mata gyale, tana haki tana magana da sauri: yau ta sauko ta hanyar da ba su taɓa bi ba, mai tsayin nan da Baba ke cewa sai baɗi. Baban Afnan, Ammu Talal, shi ya nuna mata yadda ake juyawa, ashe duk shekarun nan ba daidai suke yi ba, Ammu Talal ya ce tana da baiwa.

Bidiyon ya ƙare. Mukhtaru ya kife wayar a cinya.

"Wane ne ma Talal ɗin nan?" ya ce. "A ina ya koya?"

Maryama ta dubi fuskarsa da kyau. Wani daɗi ya taso mata tun daga ciki, ta san ba mai kyau ba ne, ta yi istigfari a zuci, bai tafi ba.

"Mayar min baya kaɗan," ta ce. "Wurin da ta ce ba daidai kuke yi ba. Ban ji sosai ba."

Ya ɗago ya kalle ta. Ta tashi ta shiga kicin ta ɗora masa shayi, ta sa masa na'ana'a da yawa yadda yake so.